Jagorar Rubuta Salsalar Gida: Gurbin Uwar da Ba Ta da Miji da Gurbin 'Ya'yanta

Shekara uku ke nan da aka ɗora mini aikin zana salsalar gidanmu. Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah aka yi taron zumunci a gidan kakanmu da ke cikin birni, na kawo babban kwali na liƙa a bangon soro. Tun daga kakan kakanmu har jariran da aka raɗa wa suna a azumin nan, kowa da akwatinsa. Mutane suka yi cincirindo, kowa yana neman sunansa da yatsa.

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ba ta yi boko ba, sai ta sa jikarta ta karanto mata. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Da aka gama ta yafito ni da hannu, ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, ina ka kai ɗan ƙanwata?" Na ce, "Gwaggo, ban san ƙarƙashin wa zan sa shi ba." Ta ce, "Ba ka san wadda ta haife shi ba?"

Mutumin da ake magana a kansa yana wurin. Tun asuba shi ya shimfiɗa tabarmi, shi ya sauke kulolin abinci daga adaidaita. Na ga lokacin da ya tsaya gaban kwalin, ya bi layin mahaifiyarsa da ido, ya tarar da sunanta tsaye ita kaɗai ba komai a ƙasansa, ya juya ya ci gaba da raba ruwa. Har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Abin da na koya wajen gyara wannan kuskure shi ne zan shimfiɗa a nan, mataki-mataki, ga duk wanda aka ɗora wa irin wannan aiki.

Mataki na farko: littafi biyu, ba ɗaya ba

Kafin ka tambayi kowa komai, tanadi wuri biyu. Na farko littafin ajiya, mai bango mai ƙarfi, wanda zai zauna a hannunka ko a hannun dattijon gida. Nan za ka rubuta abin da ka ji, daga bakin wa, a wace rana, da abin da aka yi saɓani a kai. Na biyu allon da za a nuna wa jama'a, ko kwali ne, ko ɗan littafin da za a buga a raba, ko hoton da zai shiga zauren WhatsApp na dangi. Duk wanda ke cikin littafin ajiya zai fito a allo, ba a barin kowa. Amma ba duk bayanin da ke cikin littafin ne zai fito ba.

Sannan ka rubuta a shafin farko, da manyan baƙaƙe, cewa wannan kundi na zumunci ne, ba takardar rabon gado ba ne. Da yawa daga cikin faɗan da ake yi a kan salsala, tushensa tsoron gado ne: wani yana ganin in an rubuta sunan wane, gobe zai zo da takardar ya nemi kaso a gidan Fagge. Gado yana da malamansa da alƙalansa da shaidunsa. Da zarar an cire wannan tsoro, bakin dattawa yakan buɗe.

Mataki na biyu: raba tambayoyi huɗu

Kuskuren da na yi ya samo asali ne daga yadda na fara zane. Na fara da miji, na jera matansa, na rataye 'ya'ya a jikin igiyar aure. To duk inda ba igiya, sai yaro ya rasa marataya. Ka juya abin. Fara daga mutum ɗaya, ka ba shi lamba da shafinsa, sannan ka yi masa tambayoyi huɗu daban-daban. Wa ta haife shi, kuma wa ake jingina shi gare shi a matsayin uba? Wane aure ne ya taɓa shiga tsakaninsa da wani? A hannun wa ya tashi? Nonon wa ya sha bayan na mahaifiyarsa?

Haihuwa daban, aure daban, riƙo daban, shayarwa daban. Kowanne da layinsa a shafi. In ɗaya ya zama babu, sauran ukun na nan, mutum kuma bai faɗo daga bishiya ba.

Mataki na uku: kowane ɗa da sunan uwarsa

A nan zan daɗe, domin nan ne ginshiƙin aikin. Mun saba jero salsala ta maza zalla, wane ɗan wane ɗan wane, kamar mazan ne ke naƙuda. Alhali tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara ya buga a 1908, bai yi haka ba. Sarki bayan sarki, yana faɗin sunansa da na ubansa, sannan ya ce sunan mahaifiyarsa wance. Tun daga Bagauda ya fara, ya ce sunan uwarsa Kaunasu. Da ya iso kan 'ya'yan Sarki Ibrahim Dabo, ya ambaci Shekara, mahaifiyar Sarki Usman da Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi. In malaman fada na wancan zamani ba su ga aibun rubuta sunan uwar sarki ba, ban ga dalilin da zai sa mu ji nauyin rubuta na kakanninmu ba.

Amfanin wannan ya fi yawa a gida mai mata da yawa. Da sunan uwa ake gane 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba, da kuma waɗanda suka haɗa uwa amma uba daban. Kuma in kowa a allon yana da sunan uwarsa a ƙarƙashin nasa, wanda aka jingina ga uwarsa kaɗai ba zai fita zakka ba. Wannan shi ne sirrin. In shi kaɗai ne aka rubuta wa sunan uwa, ka nuna shi da yatsa ke nan ko ba ka ce komai ba.

Kiran mutum da uwarsa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, makahon sahabin nan, da Ibn Ummi Maktum aka san shi. Ɗan Sayyidina Ali ma da Muhammad ɗan Hanafiyya ya shahara, ga shi kowa ya san ubansa.

Mataki na huɗu: yadda ake tambaya

Tarihin maza yana soro, amma tarihin aure da haihuwa da goyo yana cikin gida. Je wurin tsofaffin mata: kaka, gwaggo, inna, tsohuwar unguwarzomar da ta yanke cibiyar rabin unguwa. Zumunta a ƙafa take, kada ka aika saƙon murya. Ka je da goro ko turare, bayan la'asar, lokacin da yara suka tafi Islamiyya. Ka tambayi mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Abin da tsohuwa za ta faɗa maka ku biyu, ba za ta faɗa a gaban kishiyarta ba.

Ka san da alkunya. Yawancin iyayenmu mata ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa faɗin sunan miji ko na suruki. In ta ce "yaron nan" ko "mai gidan", kada ka matsa. Nemi sunan a bakin wata. Ka lura kuma da laƙabi. Abba, Baffa, Ummi, Mama, Baba Ƙarami, duk alamu ne cewa an mayar da sunan wani babba, kuma sukan nuna maka wane ɓangare yaron yake jingine.

Kada ka taɓa buɗe baki da "wane ne ubansa?" Ka ce, "Gwaggo, wance sau nawa ta yi aure? A wane gida ta haifi wane? A ina aka yi suna?" In akwai magana, da kanta za ta fito. In tsohuwa ta yi shiru ta kau da kai, ko ta ce "Allah dai ya rufa asiri", ka fahimta, ka ajiye biro. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shekaru kuwa ba a lissafin boko suke riƙe su ba, sai da abin da ya faru. Ka riƙe waɗannan a ka: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, naɗin Sarki Ado Bayero 1963, komawa tuƙi a hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, kisan Murtala a Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine a Disambar 1980, rasuwar Malam Aminu Kano 1983, ɓallewar dam ɗin Bagauda 1988, rasuwar Sarki Ado a Yunin 2014. In aka ce "ana goyonsa aka canja kuɗi", ka rubuta "wajen 1972 zuwa 1973", ka bar shi a haka. Kiyasi ya isa ya jera maka aurarraki a kan tsari, amma bai isa a yanke wa kowa hukunci da shi ba. Zan dawo kan wannan.

Mataki na biyar: kowane hali da yadda ake rubuta shi

Bazawara da wadda mijinta ya rasu su ne mafi yawa, kuma su ne mafi sauƙi. Aure ya auku, ya ƙare da saki ko mutuwa. Rubuta kowane aure da lambarsa: na ɗaya, na biyu, na uku, da 'ya'yan kowane gida a ƙarƙashinsa. In an yi kome, ka nuna auren ya yanke ya dawo, kada ka mayar da mijin mutum biyu. Kada ka goge tsohon miji don an rabu baram-baram, domin uban 'ya'ya ne. Dalilin saki kuma ba aikinka ba ne. Haka gwauron da ya riƙe 'ya'yansa bayan matar ta fita: sunanta yana nan a matsayin uwa ko da ta yi aure a Zariya shekara talatin ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Wanda bai taɓa aure ba, ko wadda Allah bai ba haihuwa ba, su ma da akwatinsu cikakke. Sau da yawa su ne suka riƙe 'ya'yan dangi, kuma layin riƙo zai nuna hakan.

Auren da ba takarda. Ka yi hattara a nan, musamman in kana aiki da manhajar da aka ƙera a ƙasar waje. Kusan duk auren kakanninmu a ƙofar gida ko a masallaci aka ɗaura shi: waliyyi, shaidu, sadaki, a yi Fatiha a raba goro da alawa. Ba wanda ya sa hannu a komai. Rashin takarda ba rashin aure ba ne. Ka rubuta "an ɗaura a unguwa kaza, shaidar wance da wane", shi ke nan. Malamai na cewa mutane amintattu ne a kan nasabarsu, wato abin da aka sani ya shahara, a kansa ake tafiya.

Agola. Mace ta zo gidan sabon miji da ɗanta na wani gida. Ya tashi a nan, yana kiran mai gidan Baba, wataƙila a makaranta ma da sunan mai gidan aka yi masa rajista. A salsala layin haihuwarsa yana komawa ga ubansa na asali, layin riƙo ya tafi ga mijin uwa. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma sananne ne cewa Zaidu ɗan Harisa, wanda a da ake kira Zaidu ɗan Muhammadu, ya koma amsa sunan ubansa bayan saukarta. In sunan da ke katin shaidarsa ya saɓa da wannan, rubuta duka biyun a littafin ajiya, ka ce "a takardu ana rubuta shi kaza". Irin wannan zai ƙaru a gidajen Kano, domin tun 2012 gwamnatin jiha ta hannun Hisbah take aurar da zawarawa, a Oktoban 2023 ma an ɗaura aure 1,800 a zango ɗaya, kuma bazawara ba kasafai take shiga sabon gida hannu rabbana ba. Kalmar agola kanta kada ta hau allo. Wasu suna jin ta kamar gori.

Ɗan riƙo. Gidan Hausa ba ya rasa yaron da aka ba gwaggo ko kaka tun daga yaye. Bayan shekara hamsin jikoki sun ɗauka ita ta haife shi. Misalin da duk Bakano ya sani shi ne Alhassan Ɗantata, attajirin da ya rasu a 1955. Tata ba ita ta haife shi ba. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro a Bebeji, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, aka bar shi a hannun tsohuwar da ake kira Tata, sunanta kuma ya bi shi ya bi zuri'arsa. Don haka in ka ji "ɗan wance", tambayi ko haihuwa ce ko riƙo.

Shayarwa. Wannan layi ne da babu shi a yawancin zanen da ake kwafowa, alhali ya fi da yawa muhimmanci a wurinmu. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta auren uwar shayarwa da 'yar'uwar shayarwa. A gidan da uwa ta rasu wajen haihuwa, ko ta bar jariri ta tafi, kusan kullum akwai wadda ta ba shi nono. Rubuta sunanta tun masu sani suna raye. Auren zumunci ya yi yawa a cikinmu, ba ka san ranar da wannan layi ɗaya zai hana ɓarna ba.

Sa-ɗaka. In ka yi nisa zuwa ƙarni na 19 da farkon na 20, musamman a gidajen sarauta da na fatake, za ka tarar da iyaye mata da ba a ɗaura musu aure ba saboda ƙwarƙwarori ne. A shari'a ɗanta ɗa ne cikakke, yana amsa sunan ubansa, yana gado daidai da ɗan matar aure, sarakuna da yawa ma ta nan suka fito. Turawa sun ci Kano a 1903, dokarsu ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba, aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Waɗannan mata su ne aka fi mantawa da sunayensu. In an tuna sunanta ko garin da aka ɗauko ta, rubuta da girmamawa. A allo "mahaifiya" ta isa.

Yanzu ga wanda ya sa na rubuta wannan jagora: ɗan da aka haifa ba tare da an ɗaura wa iyayensa aure ba.

Abin da malaman Malikiyya da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ana jingina shi ga mahaifiyarsa. Ita uwarsa ce ta kowace fuska. Iyayenta kakanninsa ne, 'yan'uwanta kawunnansa ne da innoninsa, sauran 'ya'yanta 'yan'uwansa ne na ɗaki ɗaya. Yana gadonta, tana gadonsa. Ma'ana yana da cikakken gurbi a bishiyar dangin uwarsa, ba alfarma aka yi masa ba. Laifin da aka yi kuwa ba shi ya yi ba, Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 42, ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa.

To yaya za ka rubuta? Ja layi daga uwa kai tsaye zuwa gare shi. Sunansa kamar yadda yake amsawa, shekararsa, 'ya'yansa, komai daidai da na kowa. Gurbin uba ka bar shi fari a littafin ajiya, a allo kuma kada ka zana akwatin da ba kowa a ciki, domin akwatin da ba kowa ya fi rubutu surutu. Kada ka sa alamar tambaya, kada ka canja launin tawada. Munanan kalmomin nan da ake jifan irinsa da su, har da wadda ake ganin ta sakaya ce, mai ambaton Fatiha, kada ɗaya ta shiga ko da littafin ajiya.

Abu biyu ne za su ja ka, ka ƙi su duka. Na farko, tausayi zai ce maka ka rataya shi a wuyan kakansa ko mijin da uwarsa ta aura daga baya, a wuce wurin. Kada ka ƙirƙiri uba. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan jingina kai ga wanda ba uba ba da sani, kuma ƙaryar za ta rikita muharramaka da gado a gaba. In sunan kakansa yake amfani da shi a takardu, wannan sunan da yake amsawa ne, ka rubuta shi a haka, amma layin haihuwa ya fito daga uwarsa. Na biyu, son bin diddigi zai ce maka ka rubuta sunan mutumin da ake raɗe-raɗi. Wannan ya fi haɗari. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga mai ƙazafi ba shaidu huɗu, kuma sukar nasaba tana cikin al'adun jahiliyya da hadisi ya ambata. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

Akwai damuwa ta gaskiya a nan, ba zan ɓoye ba: tsoron kada wata rana ya nemi auren 'yar mutumin nan bai sani ba. Maganin wannan ba kwali ba ne. Magana ce tsakanin uwar da wani dattijo amintacce da malami, a baki, a lokacin da ya dace.

Sai lissafin watanni. Ƙa'idar ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne, kamar yadda ya zo a hadisin Buhari da Muslim: wanda aka haifa a cikin aure na mijin ne. Mafi ƙarancin ciki a wurin malamai wata shida ne, kuma Malikiyya sun yarda ciki yana iya daɗewa shekaru bayan rabuwa, abin da iyayenmu ke kira kwantacce. Miji ba ya kore ɗa sai ta li'ani, wato rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata, a gaban alƙali, yadda ayoyi na 6 zuwa 9 na Suratun Nur suka tsara. Saboda haka in kana jera shekaru ka ga kamar haihuwar wane ta matso kusa da ɗaurin aure, ko ta yi nisa da saki, ba kai ne alƙali ba, kuma shekarun hannunka kiyasin tsofaffi ne. Wanda gida ya yanka wa rago ya amsa shi ɗa, haka za ka rubuta shi. Gwajin ƙwayar halitta ma da ake yayi yanzu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 2002 cewa ba a kore tabbatacciyar nasaba da shi.

Yaron da aka tsinta, ko aka ɗauko daga gidan marayu irin na Nassarawa, layin riƙo ne zai haɗa shi da gida, gurbin haihuwa ya zauna fari. In matar gidan ta shayar da shi, ga layi na biyu ya samu. Gado ba ya bin riƙo, amma wasiyya har sulusin dukiya tana halatta gare shi, kuma yana da kyau mai rubuta salsala ya tuna wa dattijon gida wannan tun yana da rai.

Mataki na shida: zane

Alamu kaɗan sun isa, ka bayyana su a gefen allo. Layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa haihuwa ne. Layi biyu a kwance aure ne, in ya ƙare ka sa shekarar kawai. Layin ɗigo-ɗigo riƙo ne. Shayarwa ka ba ta ƙaramin harafi a gefen suna da lambar mai shayarwar. Jera 'ya'yan mace bisa tsarin haihuwa a ƙarƙashin sunanta, daga babba zuwa auta.

Da na sake zana namu, sai na sauya tsarin duka: 'ya'yan kowace 'yar gida suna sauka daga sunanta, sunan uba yana cikin akwatin yaron da ƙananan baƙaƙe ga wanda aka kawo nasa. Da yake 'ya'yan mata da yawa ba a kawo cikakken bayanin ubanninsu ba, akwatuna da dama sun fito da suna ɗaya tal. Ba wanda ya bambanta da wani.

Mataki na bakwai: in za ka sa a kwamfuta

Manhajojin salsala kusan duka suna musayar bayani da wani tsari mai suna GEDCOM, wanda cocin Mormon ta Amurka ta fito da shi a 1984. A cikinsa "iyali" gurbi ne mai ɗaukar uba da uwa da 'ya'ya, kuma ɗaurin aure wani abu ne daban da ake ƙarawa in an so. Wato kana iya buɗe iyali da uwa kaɗai da ɗanta, ka bar wurin uba, ba abin da zai lalace. Kada ka ƙirƙiri mutum mai suna "Ba a sani ba" don cike gurbi, domin zai fito a kowane zane da ka buga.

Manhajar Gramps kyauta ce, tana aiki a kwamfutarka ba sai da intanet ba, kuma tana ba ka damar zaɓar dangantakar yaro da uba daban, da uwa daban: haihuwa, riƙo, ko agola. Tana kuma da alamar sirri da za ka sa wa bayani don kada ya fita lokacin bugawa. A nau'in dangantakar iyaye akwai zaɓin "ba aure" da na "ba a sani ba". Ka duba da kyau kafin ka buga, kada kalmar ta bayyana a takardar da za a raba. Shafukan intanet irin su FamilySearch suna ɓoye rayayyu, amma bishiyar mamata a buɗe take ga sauran masu amfani, wani ma yana iya gyara ta. Sirrin kaka da ta rasu sirrin 'ya'yanta ne da ke raye. Ni dai abin da ya shafi wannan babi ban ɗora shi a intanet ba, kuma ba na ba da shawarar a ɗora.

Ga yaran yanzu, ka ƙarfafa wa iyaye mata su karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Uwa ba ta buƙatar zama a gidan miji kafin ɗanta ya cancanci takarda. Ka ɗauki hotonta ka ajiye a shafinsa.

Mataki na ƙarshe: nuna wa mai abin kafin ka nuna wa duniya

Kafin a buga, kai wa kowane reshe nasa ya duba. Wanda halinsa ke da sarƙaƙiya, in baligi ne, same shi shi kaɗai. In yaro ne, sami uwarsa. Hoton allon da ya shiga waya ya fita hannunka har abada, don haka wannan zama ba a tsallake shi.

Ni na same shi a shagonsa a Kantin Kwari, ana shirin rufewa. Ya girme ni da shekara shida. Na ce, "Yaya, na yi maka laifi ranar taro, na zo a gyara." Ya ce ba komai, yadda muke cewa ko da akwai komai. Na buɗe sabon zanen a kan dilar atamfa, na nuna masa sunan mahaifiyarsa, da layin da ya sauko zuwa nasa, da 'ya'yansa huɗu a jere. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ciro biro daga aljihun gaba ya ce autarsa ba haka ake rubuta sunanta ba, kuma akwai ɗaya da ta rasu tana wata biyu, tsakanin na biyu da na uku, yana so a sa ta. Ya faɗi sunanta da shekarar, na rubuta a wurin, muka ja ƙofar shagon muka tafi sallar magariba.